Tafin Hannu a Randar Mastura

Jidda, bayan Larabar da ruwa ya ci gari, bayan rushe Karantina, ana saura kaɗan a ga watan azumi.

Zuwa ga ɗana Zaharadden, ɗan ƙanwata Zubaidatu, a Iskandariyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da tulin littattafanka da sanyin Masar ɗin da kake ta kuka da shi. Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa karatun ya amfane ka, mu ma mu samu rabonmu. Mu nan sai godiya. Ɗan'uwanka, ɗana Bandar, yana nan yana jan tirela tsakanin tashar jiragen ruwa da Madinar Masana'antu ta nan Jidda, ya ajiye tumbi kamar wani kafili, irin ubannin gidan nan da ke tsaya wa baƙo ya samu takardar zama. 'Yarsa Lujain tana can jami'a tana leƙen abubuwan da ido ba ya gani, sai ƙarshen mako muke ganinta. Ni kuwa gwiwar hagu ta yi mini tawaye, ta dama ce ke lallaɓa mu duka. Ka san kawunka bai wuce abin salla ba a karatu, don haka Ilham matar Bandar ce ke riƙe da biro, tunda ita ta yi boko a Kano. Ta ce in sa kwanan wata irin na mutane, na ce ta rubuta yadda na faɗa, duk ɗan Karantina zai gane lokacin. Ban kira ka a waya ba domin a waya kana katse ni, kuma maganar nan ba ta son a katse ta.

Ka tuna Larabar nan da alhazai ke hanyar Mina, sama ta buɗe a kan Jidda? Lokacin muryarka ta fara fashewa, shekara guda kafin kafilin mahaifinka ya sallame shi ku koma Kano. Ruwa ya shigo lungunmu da kalar shayi mai madara, muka hau rufi da tabarmi da tsofaffi. Da ya janye, ya bar mana laka ko'ina, har cikin babbar randar da marigayiya Mastura matata ke ajiye ruwan sha. Laka ce mai laushi, mai gishirin teku, ta cika randar har kusa da wuya. Cikin waɗanda suka zo taya mu kwashe ta akwai matar nan da kowa ke kira Mai Koko, wadda ke zaune a ɗan ɗakin langa-langa da aka matse tsakanin gidan Muntaka mai ɗinkin raga da gidan su Nawaf. Ta sunkuya za ta ɗauki bokiti, santsi ya kwashe ta, ta kai hannu don ta dafa bakin randa sai ya zarce ciki. Ta ciro shi tana dariya, ta ce wa Mastura ga sa hannunta nan, ita ma yau ta samu iƙama, takardar zaman ƙasa. Matan suka yi ta dariya. Wata bai cika ba zazzaɓin ruwan nan ya kama ta, ta ƙi asibiti don tsoron a tambaye ta takarda, ta cika a cinyar Mastura. Aka binne ta yadda ake binne kowa a ƙasar nan, ba dutse, ba suna. Daga ranar Mastura ta hana a taɓa randar. Ta rufe ta da faifai ta ɗaure da fata, kuma lakar ba ta taɓa bushewa sarai ba, ta tsaya kamar sabulu. Gurbin tafin hannun nata yana nan a buɗe a cikin lakar, har Mastura ta bi ta, ni kuma na ci gaba da ajiyar.

Yanzu sai in tuna maka aikina, ko da yake ka sani, don Ilham ma ta ji da kyau. Unguwarmu Karantina ba ta da lamba a ƙofa, ba ta da sunan titi. Tun zamanin da iyayenmu suka taka daga ƙasar Hausa har Sawakin suka tsallako teku, ake da mutum guda mai kiran gidaje. Ni na karɓa daga kawun mahaifiyata. Ana farawa daga ƙofar masallaci da ƙafar dama, a bi lungu-lungu, kowace ƙofa a faɗi wanda ya gina ta, garin da ya fito, wa aka haifa ciki, wa ya rasu, wa aka kama aka mayar. Amma akwai ƙofofin da ba a faɗa. Duk wanda ya zo aikin hajji ko umra ya maƙale ba takarda, ba ya bari a san sunansa na yanka. Sai ya samo mai kiran gidaje shi kaɗai, ya ba shi sunansa da na ubansa da garinsa, don in wata rana nasa suka zo cigiya a samu mai ba su amsa. In na iso irin wannan ƙofa a gaban jama'a, sai in ce nan akwai amana, in yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya ina faɗin sunan a zuci, in wuce. Mai Koko ta ba ni nata a bakin famfo wata safiya, tana waige-waige. Ba takarda a duniyar nan da ke ɗauke da shi. Ni ne takardar.

Da ka zo umra bara, ka ji ni ina kiran gidajen a istiraha, gidan taron da mutanenmu ke haya su taru tun da aka warwatsa mu. Na ga idonka ya yi ja. A mota ka ce mini abin da nake yi shi kake karantawa, na ce to ka dawo gida ka huta da sanyi. Ka ce Rumawa da Yunanawa, a ƙarnukan da suka gabaci zuwan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna da makarantun koyon tsayuwa a yi magana gaban jama'a. Ka ce mai jawabi yakan zaɓi gidan da ya sani sarai, ya ajiye kowane yanki na maganarsa a ɗaki guda, in ya tashi magana sai ya shiga gidan a zuci yana tsintar abinsa ɗaki-ɗaki. Ka ce in girgizar ƙasa ta kayar da birni, gwaninsu yakan tsaya ya yi wa birnin kuka kamar mace ce ta mutu, yana kiran kasuwarta da rijiyoyinta da ƙofofinta. Sannan ka ce har ta'aziyya suna koyar da ita da tsari, a fara da yabon asali, a bi da hali, a rufe da lallashi, ko da mai maganar bai taɓa ganin mamacin ba. Biyun farko sun kwanta mini. Na ukun kuwa ka riƙe shi, zan dawo masa.

Lokacin hadad, wato rusau, da suka shafa jan fenti a bangonmu suka yanke wuta, ba abin da na yi rigima a kansa sai randar. Bandar ya ce Baba laka ce fa, shiggar da za mu koma, ɗakunan hayar nan na bene, hawa na uku ce. Na ce to ya bar mu ni da ita, katafila ta haɗa mu. Halas, shi ke nan, aka ɗora ta a bayan dabbab, 'yar motar nan ta ɗaukar kaya, muka bi hanyar da duk ta farfashe, tana ta jijjiga har gabashin gari. Muka ajiye ta a baranda. Na daɗe ban buɗe ba. Ranar da na kwance fatar, da hantsi ne, rana tana haskawa har ƙasan randar, na tsaya ina kallo har Ilham ta zo ta taɓa ni. Zaharadden, hannun ya motsa. Yatsun da na sani a baje sun fara matsowa juna. Babban yatsa ya karkato ciki. Na ce idona ne. Na rufe, na sake buɗewa bayan salla babba, sai na ga sun ƙara haɗuwa, tafin ya ƙanƙance, kamar wanda aka miƙa hannu aka daɗe ana jira aka fara janyewa. Wani lokaci in gidan ya yi tsit da azahar, nakan ji ƙas, ƙas, daga cikinta, ɗan sauti kamar farce a jikin ƙwarya. Na karanta abin da na iya na tofa. Ban gaya wa kowa ba sai jikata, amaryata Lujain, don ita ce ba za ta ce tsufa ba ne.

Ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta haska fitilar wayarta ta daɗe, sannan ta ce, da Hausarta mai ɗingishi rabi Larabci, wai Sidi, haka take kirana, wannan ai shi ne aikinta. Ta nuna mini wani hoto mai motsi daga ɗakin bincikensu, wasu ƙananan ƙwallaye kamar ƙwan kifi, cunkushe cikin ruwa, kowanne yana rawar ɗari a inda yake. Ta ce gishiri da ƙanƙara ƙwayoyinsu a sahu suke kamar masu salla, kowa da gurbinsa. Amma akwai abubuwa, irin lakar nan, da gasarar koko in ta kwanta, da man goge baki, waɗanda ƙwayoyinsu ba sahu suka yi ba, cunkoso ne kawai, kamar ɗawafi a goman ƙarshe. Ba bango a gabanka, amma ba ka iya matsawa, don na kusa da kai ya tare ka, shi ma na kusa da shi ya tare shi. Daga nesa sai ka ce dutse ne, alhali kowa yana neman hanya. Wai malamansu gilashi suke kiran irin wannan, ko da ba ya ɗaukar ido. Jefi-jefi ɗaya yakan samu ɗan sarari ya zame, sai na kewaye da shi su gyara tsayuwa. Ta ce abin yana tsufa, kalmar da suke amfani da ita ke nan, tsufa, kullum motsin yana ƙara wuya, shi ya sa ya riƙe hannun shekara da shekaru. Amma in aka jijjiga shi sai ya koma yaro, ya saki abin da aka danna masa, ya shirya karɓar sabo. Tafiyar dabbab ce ta tashe shi. Ƙananan alamomi su ke fara rufewa, manya su biyo baya. Ƙas ɗin da nake ji kuwa ɓawon gishiri ne ke tsagewa. Ta ce ba za ta rantse ba sai ta auna, in ba ta cokali guda. Na ce ko sadakinta ne ba zan bayar ba. Ta ce dama ta san mijin nata marowaci ne.

Maganarta ta kwantar mini da hankali a kan randa, ta tayar mini da shi a kan kaina. Don ni ma an jijjiga ni a dabbab ɗin nan. Da can, in sunan wani ya yi mini gardama, sai in saka takalmi in je in tsaya a ƙofarsa, ya fito da kansa. Yanzu ƙofofin suna cikin kaina kaɗai, kuma na lura ba sa tsayawa inda na bar su. Famfon da ke hannun dama na same shi a hagu. Lungun masu wanki ya ƙara tsawo. Ba wanda ya gane a istiraha, don bakina ya saba, yana gudu ko ƙafa ba ta taka ba. Amma ƙofofin amana ba baki ke riƙe da su ba.

Shekaranjiya da la'asar aka yi sallama. Wata mata ce, ba ta kai Ilham shekaru ba, siririya, da jakar masu umra a wuya. Ta ce sunanta Mariyamu, daga Nijar. Tana ƙarama uwarta ta tafi aikin hajji ba ta dawo ba. An yi ta aiko da saƙo da ɗan turare ta hannun alhazai, sai shekarar da aka ce ruwa ya ci Jidda, saƙo ya yanke. Ta yi ta tambaya a Makka, wani ya tura ta wurin wani, har aka ce ta nemi tsohon da ke kiran gidajen Karantina. Ayarinsu jibi zai tashi, in ka ƙirga daga yau da nake maka takardar nan. Ta gyara zama ta buɗe baki za ta faɗi sunan uwar, sai na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa baƙo ba. Na ce ta rufe bakinta, kada ta faɗa, kada ta faɗi na kakanta, kada ta faɗi garin. Ta firgita, Ilham ta saki tiren shayi. Na ba ta haƙuri na ce 'yata, kaina yanzu laka ce da aka jijjiga. In kika danna mini suna zai zauna daram, in rantse da Allah shi aka ba ni, kuma ba ni da hanyar sanin ko gaskiya na rantse. Ni zan faɗa, ke ki ji.

Na rufe ido a nan kan tabarma, na tsaya a ƙofar masallaci, na sa ƙafar dama. Na wuce gidan liman, na wuce mai burodi, na karya kwana. Na ji ƙamshin koko da kanwa tun kafin in iso. Na ji ludayi yana bugun bakin tukunya. Ga gidan Muntaka da ragarsa a rataye, ga gidan su Nawaf. Amma bangayen biyu sun matso juna, Zaharadden, kamar yatsun nan. Ɗakin langa-langar ya zama tsaga, da ƙyar kafaɗa za ta shiga. Na leƙa, tana ciki, a tsugune, ta ba ni baya, tana dama koko. Na yi sallama ba ta juyo ba. Na ce nan akwai amana, na ja numfashin da nake faɗin sunan a cikinsa, numfashin ya fita wayam. Na koma masallaci na sake tahowa. Na sake. Duk zuwan da zan yi tsagar ta ƙara matsewa. Da na buɗe ido rigata ta jiƙe, matar tana kallon bakina kamar mai jiran a kira ta a asibiti.

Don kada ta tafi hannu wofi na ce a kwance randar. Na ba ta labarin santsin da dariyar. Ta kai hannu za ta sa a ciki, Lujain ta riƙe mata wuyan hannu ta ce la, ya khala, wato a'a inna, in ta taɓa ya tafi. Sai ta tsayar da shi a sama kaɗan, inuwarsa ta faɗa cikin gurbin. Mai Koko mace ce mai manyan hannuwa, hannun daka. Amma gurbin da ya rage yanzu daidai yake da na Mariyamu, ba ragi ba ƙari, kamar duk shekarun nan ƙanƙancewa yake yi don ya zo daidai da ita. Ta ce tana jin ɗumi yana tasowa. Lujain ta ce bangon barandar rana yake sha tun safe. Na yarda da Lujain, amma gashin hannuna bai yarda ba. Kafin in ankara matar ta juya gefen hannunta ta nuna mana wani ɗan tabo kusa da ƙaramin yatsa, ta ce da cindo aka haife ta aka ɗaure shi ya faɗi, amma na uwarta ba a taɓa cirewa ba, kakarta ta hana. Tana rufe baki na ga yatsa na shida a cikin lakar, a zuci, ƙarami kamar ƙwayar gyaɗa, sarai kamar kullum ina ganinsa. Na duba randar, wurin sumul yake. Ilham ta ce ita ba ta taɓa lura ba. Bandar ya ce kamar akwai, kamar babu. Lujain ta ce in ma akwai, shi zai fara rufewa. To ka gani. Ban sani ba ko tsohon gani ne ya taso, ko yanzu ta danna mini shi. Abin da na ji tsoro a kan suna, ga shi ya faru a kan yatsa.

Tun jiya gidan nan ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Bandar ya ce Baba, shekara ta yi daidai, sana'a irin ta matan can ce, ga cindo, me ya rage? Ka ce mata ita ce, ta yi kukanta, ta yi wa uwarta addu'a, ta koma wurin 'ya'yanta da zuciya ɗaya. Ilham, wadda ke rubuta wannan tana hararata, ta ce ko ba ita ba ce ai lada zan samu, marainiya ce ta tsallako duniya. Ta ce in bari matar ta faɗi sunan, in gyaɗa kai kawai. Kuma wallahi na iya. Bakin nan ya yi shekaru yana sa manyan maza kuka a istiraha. Zan iya tsara mata uwa tun daga asali har hali, in ce kullum tana ambatonta, in ce da sunanta ta cika, ta tafi tana sa mini albarka. Wannan shi ne na ukun da malaman Rumawanka ke koyarwa, kuma ban ce mugaye ba ne, mai makoki yana bukatar a rufa shi da wani abu. Amma su ba amana aka ba su ba. Mata nawa ne suka sayar da koko a Karantina ba takarda? In uwar Mariyamu tana wata ƙofar, ko tana raye a wani lungu na Makka ta makance tana jira, na binne ta da bakina ke nan. In kuma Mai Koko tana da tata 'yar a wani gari, na ba da uwarta ga wata. Ta waiga hagu da dama kafin ta ba ni sunan nan. Ba don in yi kyauta da gurbinsa ta ba ni ba. Na ce musu a'a. Bandar ya fita ya buga ƙofa. Ilham ta ce in sa a takarda cewa taurin kaina ya fi na randar. Na ce ta sa, ga shi ta sa.

Abu biyu nake nema wurinka. Na farko, kai ne yaron da Mastura ta make da ludayi don ta kama ka ka ɗaga faifan kana leƙe. Idonka sabo ne a lokacin, kuma ba a jijjiga ka a dabbab ba. Ka zauna kai kaɗai, kada ka tambayi mahaifiyarka, ka ƙirga yatsun da ka gani. Amma ko Ilham ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka yau, kada ka ba ni amsa sai gobe bayan azahar. Na sa an kashe wayata an saka a aljihun Bandar. Na biyu, ka duba mini a littattafan nan naka, mutumin da ya ajiye maganarsa a ɗakunan wani gida, in aka rushe gidan, yaya yake yi? Birane sun faɗi a zamaninsu, kai ka faɗa mini. Ba zai yiwu a ce ba wanda abin ya taɓa samu ba. In sun bar dabara ka kawo mini ita da kanka in an yi hutu, ka zo da takalmi mai ƙarfi, don akwai ƙofofin da nake so in sa a kanka tun bangayen ba su gama haɗewa ba.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka Zubaidatu in kun yi waya, ka ce mata yayanta yana nan da rigimarsa, kuma man zafin da ta aiko ya ƙare. Ka gaishe da ƙannenka Abdulelah da Mashael, da maigidan Mashael, da jaririyarsu Layan da ban gani ba sai a hoto. Bandar yana gaishe ka ko da yake yana fushi. Lujain ta ce ka zo ku yi musu, ita da ƙwallayenta kai da matattunka. Muntaka mai raga yana raye, yana wurin ɗansa, ya ce a gaishe da yaron da ke sace masa ƙugiya. Gidan su Nawaf kuwa

Dakata. Ilham, bar wurin haka, kada ki goge.

Zaharadden, ina cikin jero maka mutanen nan, daga Muntaka zan tsallaka gidan su Nawaf, sai wani abu ya tsaya mini a tsakani. Yana nan kan harshena yanzu, da nauyinsa, guda uku a jere yadda aka ba ni, nata da na uba da gari. Ba wanda ya danna mini shi. Ilham ta ɗaga biro tana jira, na ce ta sauke, ba na takarda ba ne, kuma ba a baranda a hawa na uku za a buɗe shi ba. Ban sani ba ko na ƙofar ne ko daga wata ƙofa ya zamo, tunda komai yana motsi. Zan rufe bakina a kansa, ba zan ƙara wata doguwar magana yau ba.

Gobe in Allah Ya kai mu, da an sallame asuba, Lujain za ta ɗauko Mariyamu daga masaukinsu ta kai mu Karantina. Sun share komai amma sun bar masallacin, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. Zan tsaya a ƙofarsa in sa ƙafar dama. Zan bi lungun da ƙafata, in kauce wa bangon da babu, in karya kwana inda kwana take, ina kiran gidajen da ƙarfi, ita tana bayana ba ta cewa komai. In mai gadi ya zo, Lujain ta san abin da za ta gaya masa. In na iso tsakanin Muntaka da Nawaf zan yi sallama, in ce nan akwai amana, mai ita ta zo. Sannan in faɗa a fili, in juya in dubi fuskarta. In ba nata ba ne, zan gaya mata ba nata ba ne, mu wuce ƙofa ta gaba, akwai sauran amanoni kuma gwiwar dama tana aiki. In nata ne, za mu dawo gida in kwance fatar da hannuna, in ce wa Lujain ta sake ta, ta sa hannunta a cikin na uwarta.

Wassalam. Naka, kawunka,
Abdulghani mai kiran gidaje.